Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban FIFA, Gianni Infantino

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

A Nuwamban 2021, a taron sauyin yanayi na Glasgow, FIFA ta yi alkawarin rage rabin hayaƙin da harkokinta ke fitarwa nan da 2030, lissafin kuma ya koma sifili nan da 2040. 'Yan wasa sun ɗauki maganar da gaske. A Gasar Kofin Duniya ta Mata ta 2023, su 44 suka zaro kuɗi daga aljihunsu don biyan diyyar hayaƙin jiragen da suka hau. Ku kuwa, a Afrilun 2024 sai kuka ƙulla yarjejeniyar talla da kamfanin man Saudiyya, Aramco, har zuwa 2027. Madalla da cika alkawari!

A Oktoban shekarar, 'yan ƙwallo mata sama da 100, ciki har da Vivianne Miedema da Jessie Fleming, suka rubuto maka. Sun nemi a soke yarjejeniyar, a kuma kafa kwamitin tantance masu ɗaukar nauyi wanda 'yan wasa za su samu kujera a cikinsa. Amsar da suka samu ita ce kuɗin talla na komawa cikin wasan.

To, idan hayaƙin nan ya ƙara wa duniya zafi, jikin wa ke biyan bashin? Ɗan tsakiya yana gudun wajen kilomita 10 a wasa ɗaya, kuma gumi ne babban abin da ke sanyaya shi, shi ma sai ya bushe a kan fata. Idan iska ta cika da laima, gumin tsiyaya kawai yake yi ba ya bushewa, zafin cikin jiki ya yi ta hawa, jini ya karkata zuwa fata, kai ya fara juyawa. Shi ya sa likitocin wasanni ba sa tsayawa kan ma'aunin zafi na yau da kullum, sai ma'aunin WBGT, mai haɗa zafi da laima da ƙarfin rana da iska. Ƙungiyar 'yan wasa ta FIFPRO ta ce a ba da hutun shan ruwa daga digiri 26, a ɗage wasa idan an haura 28. Ku kun daɗe kuna riƙe da digiri 32 kafin a wajabta hutun shan ruwa. A Gasar Ƙungiyoyi ta Duniya ta 2025 a Amurka an take leda da tsakar rana, har Enzo Fernández ya ce jiri ya ɗebe shi sai da ya kwanta a fili. Hutun minti uku da tawul mai ƙanƙara ba sa gyara wasan da aka sa ƙarfe 12 na rana.

Ba ma mu taɓo wasanni 104 a birane 16 na Gasar Kofin Duniya ta 2026 ba, ko gasar 2030 da aka raba wa nahiyoyi uku.

Don Allah, a mayar da digiri 28 doka rubutacciya, alƙalin wasa da likita su samu ikon ɗage wasa ba sai sun jira izinin masu talabijin ba. A kuma kafa kwamitin nan da matan suka nema kafin a sabunta wata yarjejeniya a 2027.

Mun gode.