Zuwa Ga Ɗana, Kan Maganar Hutu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai dai muryarka a waya ba ta yi wa mahaifiyarka daɗi ba. Ta ce tun da shari'ar yaran nan da aka yi safararsu ta watse ba ka barci, abinci ma sai an matsa maka, wai kana ganin in ka huta ka ci amanarsu.

Akwai wani mutumin Ingila, Thomas Clarkson. A 1785, yana ɗalibi a jami'ar Cambridge, ya rubuta maƙala kan cinikin bayi don gasa kawai, ya kuwa ci. A hanyar Landan abin da ya rubuta ya hana shi sakat, har ya sauka daga doki ya zauna a bakin hanya yana tunani. Daga nan bai sake zama ba. Ya yi tafiyar kusan mil 35,000 a kan doki, yana bin tashoshin jiragen ruwa, yana jin ta bakin ma'aikatansu, yana tara ankwa da mari don jama'a su gani da idonsu. A Liverpool wasu har sun nemi jefa shi ruwa.

Duk da wannan wahala, a 1791 majalisar dokokin Birtaniya ta kayar da ƙudurin hana cinikin bayi na abokinsa, ɗan majalisa William Wilberforce, ƙuri'a 163 da 88. Zuwa 1794 jikin Clarkson ya ƙi, aljihu ya bushe. Sai ya janye ya koma ƙauye, ya yi aure, ya yi shiru kusan shekara goma. A 1804 ya dawo da ƙarfinsa. Shekara uku bayan haka aka haramta cinikin, 283 da 16, Wilberforce na zaune ya dafe kai yana zubar da hawaye.

Mutane hawayen nan suka fi tunawa. Ni kuwa shekara goman nan ce ta tsaya mini a rai, don da Clarkson ya yi taurin kai irin naka (a wurina ka gada, ban musa ba), da wuya ya ga 1807, balle 1833 da aka soke bautar kanta.

Ba shekara goma nake nema ba. Ka miƙa takardun yaran ga abokin aikin da ka yarda da shi, ka nemi mako biyu ka zo gida. An riga an share ɗakinka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka