Godiya ga ma'aikatan KADGIS kan filin marayuna na Rigasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan hukumar KADGIS, mai kula da bayanan filaye a Jihar Kaduna.

Ni malamar firamare ce, uwar marayu, mazauniyar Tudun Wada. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin kullum kukan mutane muke ji a kan ofisoshin gwamnati, ni ma kuma na sha yin kukan. To ranar da aka yi wa mutum abin kirki bai kamata ya ja bakinsa ya yi shiru ba. Yabon gwani ya zama dole.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sayi fuloti a Rigasa a 2012, ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo. Awon igiya ne, irin wanda ake yanka gona a sayar. Abin da ke hannunmu takardar ciniki ce guda ɗaya, mai sa hannun mai gona da shaidu da hatimin mai unguwa. A lokacin wurin duk gonaki ne, iyakar ma 'yan itatuwan bini-da-zugu ne da wasu turaku da dillali ya kakkafa. Da aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a 2016, jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Kaduna da Abuja, sai ƙasar wurin ta yi daraja. Wanda ya san unguwar ya san yadda kowane taƙi ya koma kuɗi. Shi kuma maigida bai samu halin gini ba har rai ya yi halinsa.

Ina cikin takaba ƙanena ya je duba filin, ya tarar maƙwabcinmu na gabas ya haƙa harsashi har ya fara jera bulo, katangarsa kuma ta shigo mana. An sare bini-da-zugun, turaku babu ko ɗaya. Da aka yi masa magana sai ya ce shi takardar gwamnati gare shi, mu kuwa ta mai unguwa ce a hannunmu, duk inda za mu, mu je.

Abin da na gani daga nan ba na yi wa kowace mace fatansa. Da farko dillalai suka yi caa a kaina. Wannan ya ce ya san wani a ciki, in kawo kuɗi ya ciro mini fayil ɗin maƙwabcin. Wancan ya ce takardata ba ta da wani amfani, gara in sayar masa da filin a yadda yake kafin in rasa shi gaba ɗaya, farashin da ya taya kuwa ko rabin kuɗin wurin bai kai ba. Wani ya karɓi kuɗin mota da sunan zai bincika mini, daga ranar wayarsa ta daina shiga. A cikin dangi ma kai ya rabu. Wasu suka ce in bar wa Allah, wasu suka ce a tara samari a rushe katangar da dare. Ni kuwa tumuni kaɗai ne nawa a filin nan, sauran na yara ne. Ba ni da ikon yafe haƙƙin maraya, ba kuma zan yarda a zubar da jinin ɗan wani a kan ƙasa ba.

Na je wurin lauya. Ya yi mini bayani cewa tunda maƙwabcin yana riƙe da takardar mallaka ta gwamna, babbar kotun jiha ce ke da hurumin sauraron irin wannan ƙara. Ya lissafa mini kuɗin shigar da ƙara, da nasa, da na kowane zama, ya kuma ce wanda aka kayar yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. Na yi lissafi da albashina na ga ko mun yi nasara, ƙasar da ake rigima a kanta ba za ta biya abin da za a kashe ba. Ga shi shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. A wannan tsakanin barci ƙaurace mini ya yi.

Wata abokiyar aikina ce ta ce in je ofishinku na titin Ali Akilu da ƙafata, kada in aiki kowa. Na tafi ne ba da wani kyakkyawan zato ba, don kuwa na riga na ɗanɗani abin da ake yi wa gwauruwar da ta shiga ofis ba tare da ta san kowa ba.

Layi, da fom, da biyan kuɗi a banki a kawo rasit, duk sun tafi yadda ya kamata. Wanda ya sa na ɗauki alƙalami wani matashin ma'aikaci ne da na samu a teburin sauraron jama'a. Da ya ga na tsaya ina juya takardu a hannu, sai ya miƙe ya jawo mini kujera, ya ce, "Mama, zauna ki huta tukuna, sannan ki faɗa mini abin da ke tafe da ke." Na fara magana kuka ya ci ƙarfina. Bai katse ni ba, bai kalli agogo ba, bai ɗauki waya ba. Da na gama ya yi mini ta'aziyya, sannan ya karɓi takardar cinikin nan da kowa ya raina, ya karanta ta daga sama har ƙasa.

Da Hausa ya yi mini bayani, a tsanake. Ya ce tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, abin da ake ba mutum izinin zama ne na wa'adi, na gidan zama kuma yawanci shekara 99. Ya ce takardata ba satifiket ba ce, amma shaida ce ta yadda filin ya zo hannunmu, kuma da irinta ake fara neman rajista. Sai ya faɗi maganar da ta sauke mini nauyin da na daɗe ina ɗauke da shi. Ya ce, "Mama, satifiket ɗin da yake nuna muku ai yana ɗauke da taswira, da lambobin kowace kusurwa ta filinsa. In na gaskiya ne, shi da kansa zai faɗi inda filinsa ya tsaya. Takarda ba ta ba mutum abin da ba ya cikinta."

Duk mutanen da suka kewaye ni watanni, babu wanda ya taɓa gaya mini wannan. Wasu ba su sani ba. Wasu kuwa na tabbata sun sani, sai dai tsorona shi ne abincinsu.

Ya ce in roƙi mai unguwa ya karɓo mana kwafin takardar maƙwabcin, aka kuwa samu. Binciken da aka yi ya nuna takardarsa ta gaskiya ce. Ya kuma nuna cewa babu wanda ya yi rajistar mallaka a kan namu filin, bai faɗa cikin shatar gwamnati ko kan hanya ba. Yaron nan ya juyo mini da fuskar kwamfuta, ya nuna mini hoton unguwar da aka ɗauka daga sama, ga layinmu, ga filin marayuna. Kuɗin da na biya a banki bai kai abin da aka yanka mini na zaman kotu ɗaya ba.

Ya kuma gaya mini iyakar aikinsu, wannan ma ya ƙara masa daraja a idona. Ya ce, "Mu ba alƙalai ba ne, Mama, ba za mu ce wane ya rushe katanga ba. Ku samu safiyo mai lasisi, ya auna a gaban ku duka biyun da mai unguwa. In an daidaita a rubuta a sa hannu. In abin ya gagara, akwai zauren sulhu a ƙarƙashin babbar kotu, ku gwada shi kafin ku shiga ƙara." Da zan tafi na ɗan dunƙula abin da ya sawwaƙa na ce, "Ɗana, ga na goro." Ya mayar mini da hannuna cikin ladabi, ya ce in saya wa yara littafi, shi addu'a yake so.

Ranar awo safiyo ya zo da na'urarsa, ya bi lambobin da ke jikin takardar maƙwabcin kusurwa bayan kusurwa. Aka tarar katangar ta shigo mana da ƙafa 4 a tsawon filin. A nan ne ta bayyana cewa yaron dillali ne ya nuna wa magina wurin da za su haƙa, shi mai filin ba ya ma gari ranar. Limamin unguwa ya tunatar da mu hadisin da ya yi gargaɗi a kan cin taƙi ɗaya na ƙasar wani, da wanda ya la'anci mai canza alamar iyaka. Maƙwabcin nan, bawan Allah, jikinsa ya yi sanyi. Dole in yi masa adalci a nan: da ya ga awo da idonsa bai yi gardama ba, ya ba ni haƙuri a gaban mutane, ya sa aka janye katangar da kuɗinsa. Kuɗin safiyo muka raba biyu, aka kafa sababbin turakun siminti, aka rubuta yarjejeniya kowa ya riƙe kwafi. Yanzu in yarana sun je wurin, gidansa suke shiga su sha ruwa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda abu mai sauƙi haka ya zama abin mamaki. Lokacin da nake bin haƙƙoƙin maigidana a wani ofis da ba zan ambata ba, na ga yadda ake wulaƙanta mutane. Yau a ce oga ba ya nan, gobe a ce fayil ya ɓace, in ka saka hannu a aljihu sai fayil ya bayyana. Na ga tsofaffi 'yan fansho a tsaye a rana, ma'aikaci sa'an jikansu yana daka musu tsawa. Ka gaishe da mutum ya amsa maka da ka, idonsa na kan waya. Ba kuɗi kaɗai ake ƙwace wa talaka a irin waɗannan wurare ba, har da mutuncinsa. Kuma ba a gwamnati kaɗai abin ya tsaya ba. Kasuwar filaye a bayan garuruwanmu ta lalace. Fuloti ɗaya a sayar wa mutum biyu ko uku. A yanka lungu a sayar, a yanka hanyar ruwa a sayar, damina ta zo gidaje su cika. A sayar wa mutum ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ya gina, daga baya a zo a shafa masa jan fenti. Dillali ya riga ya ci la'adarsa ya yi gaba, maƙwabta su gaji gaba har 'ya'ya da jikoki. Sannan mutum ya tara miliyoyi ya sayi fili, amma ya ji ƙyashin ɗan kuɗin binciken da zai gaya masa ko filin na mai sayarwa ne.

Ina da roƙo gare ku. An kafa hukumarku da dokar 2015, amma har yau akwai mata da yawa irina a Rigasa da Hayin Ɗanmani da Rigachikun da suke zaton sai mai hanya ke shiga ofishinku. Ku ƙara fitowa a rediyo da Hausa, ku bi ta masallatai da majami'u da fadar masu unguwanni, ku gaya wa mutane cewa suna iya zuwa da kansu ba tare da ɗan tsakiya ba. Ku kuma lura da ma'aikata irin yaron nan, a ƙarfafa musu gwiwa, kada su ga cewa gaskiya ba ta biya.

Na karɓo takardar rabon gado daga kotun shari'a kamar yadda ma'aikacin nan ya ba ni shawara, na haɗa da yarjejeniyar sulhu da awon safiyo, na shigar da neman rajistar filin da sunan magada.

Allah ya saka muku da alheri. Shi kuma wannan matashi, Allah ya yi wa iyayen da suka yi masa tarbiyya albarka, ya tsare masa imaninsa, ya jiɓinci lamarin 'ya'yansa kamar yadda ya tsaya wa nawa.

Wassalam.

Taku,
Uwar marayu, Tudun Wada, Kaduna