Kumburin Ƙafa Ba Sammu Ba Ne

Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan kumburin jiki. Wata gwaggona a nan Daura ta haihu, aka ɗora ta kan kunun kanwa safe da yamma. Kafin arba'in ƙafafunta sun yi suntum, in ka danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Aka ce sammu ne, aka yi ta hayaƙi. Da aka kai ta asibiti, ashe zuciya ce ta gaza.

Ciwon ƙoda da na hanta ma suna tara ruwa a jiki haka, har da tamowa ga yaran da koko kaɗai suke sha, ba wake ba ƙwai. Yawan gishiri da kanwa kuma yana ƙara tara ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci ya zama ƙasa da giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mu kuwa ga gishiri, ga dunƙule, ga kanwa, duk a tukunya ɗaya.

Naka,
Mai karatu daga Daura