Wasiƙa zuwa ga ɗana a Tawa game da hidimar ikilisiya

Ɗana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, aiki yana tafiya daidai, ɗalibanka kuma sun fara sabawa da kai. Mu nan Yamai duk lafiya muke, babanka da ƙannenka suna gaishe ka ƙwarai da gaske.

Na ga ya fi kyau in rubuto maka maimakon mu ƙarasa maganar ta waya, domin abin da ka faɗa mini game da cocin da ka tarar a Tawa yana bukatar amsa a natse. Ka ce jama'ar ba ta da yawa, akasarinsu ma'aikata ne da aka turo ko kuwa baƙi 'yan Benin da Togo da Burkina Faso, waƙarsu ba ta da armashi irin ta babban cocin Yamai, don haka ka yanke shawarar ka riƙa zuwa ranar Lahadi kawai, ka zauna a bencin baya, ka fita da zarar an sa albarka. Na fahimci kewar gida da ke cikin maganarka, amma ban goyi bayan wannan shawara ba.

A babban coci, idan ba ka share daɓe ba wani zai share, idan ba ka yi karatu ba akwai masu jiran layi. A inda kake yanzu ba haka lamarin yake ba, aikin da ka bari yana nan yadda ka bar shi. Kada kuma ka ɗauki ƙarancin jama'a a matsayin rashin lafiyar ikilisiya, domin haka rayuwar Kirista take a ƙasarmu. A ƙidayar 2012 ba mu kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba. Dayosis ɗin Katolika na Maraɗi, wato yankin da bishop ɗaya yake kula da shi, wanda aka kafa a 2001 kuma Tawa ke ƙarƙashinsa, ya haɗa jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Agadas da Diffa, ƙasa mai faɗin gaske ga firistoci ƙalilan, shi ya sa a wurare da dama katikis, wato mai koyar da addini a coci, da mutanen gari ne suke riƙe da addu'ar Lahadi. Ita kanta ikilisiyar Yamai da kake kewa, da 'yan mutane kaɗan ta fara lokacin da aka buɗe mishan a 1931. Abin da nake roƙonka shi ne ka je wurin firist ko katikis, ka karɓi aiki guda ɗaya, ka riƙe shi har shekara ta zagayo, domin ƙaramar ikilisiya ta fi bukatar mutum ɗaya mai ɗorewa a kan mutum goma masu zafin farawa.

Ka isa a kan kari, tunda yanzu kaka ce, kuma shekarar aikin coci tana tashi tare da buɗe makarantu. Ana rubuta sunayen yara masu koyon katikisim, ana neman mai koya musu, kai kuwa koyarwa sana'arka ce. Yaran da iyayensu baƙi ne sau da yawa sun fi jin Hausa a kan Faransanci, saboda a unguwa suka tashi, don haka ka koya musu da harshen da suke wasa da shi. Ranar 2 ga Nuwamba kuma, da ake tunawa da waɗanda suka riga mu, ka ɗauki fartanya ka bi masu zuwa gyaran maƙabarta. Za ka ga kaburburan mutanen da aiki ya kawo, suka rasu a can, danginsu suka koma ƙasashensu, babu mai cire musu ƙarangiya sai 'yan'uwansu na bangaskiya.

Babban al'amarin kaka shi ne baikon godiya. Wani zai kawo damin gero, wata tiyar wake, wata kaza ɗaure da igiya, ma'aikaci irinka ya kawo abin da ya ware daga albashinsa. A nan nake so ka buɗe ido sosai, domin abin da aka yi da wannan baiko shi ne zai nuna yadda ikilisiya za ta ƙetare damina mai zuwa. Yanzu hatsi yana da araha, saboda manoma suna fitar da shi kasuwa don biyan bashi da kuɗin makaranta, amma daga watan Yuni zuwa Agusta farashin tiya yakan yi tashin da talaka ba ya iya kamo shi. Ikilisiya mai hankali takan sayi buhunan gero a wannan lokaci ta adana. Idan aka ɗora maka riƙon littafin ajiyar, ka karɓa bisa sharaɗi: makullin ɗakin ya zama biyu a hannun mutum biyu, kowane buhu da ya shiga ko ya fita a rubuta shi da kwanan wata da sa hannu, kuma a karanta lissafin a gaban jama'a bayan sujada. Kada kunya ta hana ka neman wannan tsari, kada kuma ka ranci ko dala daga kuɗin coci da niyyar mayarwa a ƙarshen wata. Na ga ikilisiyar da zargi a kan 'yan jikkuna ya raba ta gida biyu, alhali babu wanda ya ci kome, rashin rubutu ne kawai. Ka tuna cewa gunaguni na farko da aka ambata a Ayyukan Manzanni sura 6 a kan rabon abinci ga gwauraye ya taso, kuma manzanni ba su raina matsalar ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su kula da ita.

Daga nan sai ɗari ya shigo tare da Lahadi huɗu na shirin zuwan Almasihu. Sanyin Adar, wato ƙasar Tawa, da hazonsa sun fi abin da ka saba da shi a bakin kogi, kuma wannan ne lokacin da mazan ƙauyuka suke tafiya cin rani, wasu har Abijan, su bar mata da tsofaffi da yara. Matasan coci sukan tara barguna da rigunan sanyi da sabulu su kai gidan kaso da asibiti. Ka shiga cikinsu, ka nemi izini ta hanyar da ta dace, kuma ka ba duk wanda ka tarar ba tare da tambayar addininsa ba.

Maganar da zan faɗa yanzu ta yi mini nauyi, domin babu uwar da ba ta son ganin ɗanta ranar Kirsimeti. Duk da haka ina so bana ka yi bikin a Tawa. Da hutu ya zo, ma'aikata da ɗalibai sukan cika motoci su nufi gida, a bar tsofaffi da waɗanda ba su da kuɗin mota su yi sujadar dare a coci rabinsa wofi. Ka tsaya ka taimaki yara su gina ɗan bargarsu ta haihuwar Yesu da laka da kara, ka koya musu waƙa, ka kwaso itace ga mata masu girki. Ka san yadda muke yi a gida: tun asuba tukunyar shinkafa tana kan murhu, ana jera kwanoni a kan tabarma, kowane kwano da sunan gidan da za a kai shi, yara suna fita da su ɗaya bayan ɗaya a rufe da faifai, nama kuwa sai wanda mahauci Musulmi ya yanka domin maƙwabci ya ci da kwanciyar rai. Ko da ɗaki ɗaya kake haya, ka yi hakan gwargwadon ƙarfinka ga mai gidanka da abokan aikinka, kuma idan Babbar Salla ta zo suka aiko maka da naman layya, ka karɓa hannu biyu, ka taka ka je barka da salla. Ba na mance ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai. Ba na mance kuma cewa a cikin wannan tashin hankali akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu, kuma irin wannan amana a shekarun zaman lafiya ake gina ta, da gaisuwa da zuwa suna da zaman makoki. A cikin Janairu, daga 18 zuwa 25, akwai makon addu'a domin haɗin kan Kirista. Ka yi amfani da shi ka san 'yan'uwanmu na ikilisiyoyin bishara, waɗanda suka daɗe a wannan yanki, su ne ma suke da asibitin Galmi da mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950.

Azumin kwana 40 yana farawa ranar Larabar Toka, da tokar ganyen dabinon bara da aka ƙona, ya kai mu Ista, wadda take faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato a tsakiyar bazara. Zafi yakan wuce digiri 40, kwanon rufin coci ya ɗauki wuta tun hantsi. Hidimar wannan lokaci ba ta da suna mai daɗin ji, amma ita ce ake bukata: a cika randuna tun da sassafe, a wanke moɗa, a gyara rumfa, a ɗauko tsohuwar da ba ta iya tako rana zuwa Hanyar Gicciye ta ranar Juma'a. A daren Ista a tanadi itacen hura sabuwar wuta da fitilu masu caji, saboda lantarki ba shi da tabbas a irin wannan lokaci. A daren ne ake yi wa manya baftisma, kuma mai yiwuwa wani ya roƙe ka ka tsaya masa a matsayin uban baftisma. Kada ka amsa don jin daɗin an girmama ka, sai idan ka shirya bin lafiyar ransa har bayan an canza maka wurin aiki. A shekarun nan azuminmu yana haɗuwa da watan Ramadan, kamar yadda ya faru a 2025, don haka ka kiyaye ci da sha a gaban abokan aikinka masu azumi, kai ma ka riƙe naka ba tare da shela ba, abin da ka rage daga bakinka kuma ka zuba shi a asusun mabukata.

Bayan Fentikos, kwana 50 da Ista, idanu sukan koma sama ana jiran hadari, ana addu'ar ruwa. Damina ita ce lokacin da ikilisiya ta fi ƙanƙancewa, ita ce kuma lokacin da bukata ta fi yawa. Makarantu sun rufe, masu albashi sun tafi hutu, rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara, ruwa mai ƙarfi yana rusa ɗakunan laka, kamar yadda ƙasar nan ta gani a ambaliyar 2024. A nan ne ake buɗe ɗakin ajiyar da aka cika da kaka, a sayar da rangwame ko a ba da kyauta ga wanda ba shi da ko sisi. Ku yi rabon cikin sirri da mutunci, a kai wa gwauruwa tiyarta gida da yamma, kada a kira sunanta a gaban taro, kada kuma a ɗauki hotonta a sa a Facebook. Idan bukatar ta fi ƙarfinku, ku sanar da ofishin CADEV, hukumar agaji ta cocinmu, da rubutaccen bayani mai gaskiya. Zumunta a ƙafa take, saboda haka duk wanda aka rasa gani Lahadi biyu a jere a je a duba shi, domin sau da yawa ciwo ne ko rashin sutura ya tsare shi, ba sanyin bangaskiya ba. Kai matashi ne mai lafiya, idan likita ya nemi jini domin yaron da zazzaɓi ya ƙarar wa jini, ka miƙa hannunka.

Na san dogon hutu haƙƙinka ne, mu ma muna ɗokin ganinka. Ka raba shi biyu, ka zo mana a Yuli, ka koma kafin 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai wadda kuma ita ce ranar dashen itatuwa. Kowa yana son riƙe dashe a ranar biki, amma itacen da ya rayu a Adar shi ne wanda aka kewaye da ƙaya saboda awaki, aka kuma sami mai ba shi ruwa har bazara ta wuce. Ku dasa kaɗan a farfajiyar coci, dogon yaro ko zogale, ku raba wa yaran katikisim, kowa da nasa. Sannan ku yi bikin ɗaukar Maryamu zuwa sama ranar 15 ga Agusta da waɗanda suka rage a gari. Kafin ka taso zuwa Yamai kuma, ka danƙa aikinka da littafinka a hannun wani sananne, a gaban shaida.

Game da fita ƙauyuka, ka bi umarnin firist da na hukuma a kan hanyoyin da ba su da tsaro, kada ƙwazo ya sa ka yi tafiyar da aka hana. Ka girmama dattawan da ka tarar, ko da tsarinsu bai yi maka ba. Ka yi shekara kana aiki tare da su kafin ka kawo gyara, kuma idan za ka kawo shi ka fara faɗa musu a keɓe.

Zan ba direban motar da ke tashi ranar Asabar saƙonka: bargo biyu, ɗaya naka ɗaya na tarin da za a kai gidan kaso, da yajin da ka roƙa, da tsohon littafin katikisim na Hausa da babanka ya koyar da shi. Ka je tasha da wuri ka karɓa. Ka miƙa gaisuwata ga firist da katikis da shugabar zumuntar mata, kuma a wasiƙarka ta gaba ka gaya mini aikin da ka karɓa da yawan yaran da aka ba ka. Ubangiji ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
daga Yamai