Mai shan jini ya fi mai tarihi kawo shaida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Na daɗe da lura cewa in littafi ya tsufa ya yi suna, masu sharhi sai su riƙa lallaɓa shi kamar marubucin surukinsu ne. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Karayar ƙafa ta kwantar da ni mako shida, kuma a kwancen nan na karanta Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, da A Tale of Two Cities na Charles Dickens, na 1859. Na farkon labarin matacce ne mai tashi da dare yana shan jinin mutane, na biyun kuma an gina shi a kan juyin juya halin Faransa. Abin da ya ba ni mamaki, na ƙaryar ya fi wahalar da kansa wajen neman in yarda da shi.

Stoker ya san abin da zai faɗa ba ya shiga hankali, don haka bai ba da labarin da bakinsa ba. Takardu ya jera: littafin da lauya Jonathan Harker yake rubuta abin da ya gani kullum, wasiƙu, tangarahu, yankin jarida, kusan kowanne da kwanan wata. Babi huɗu na farko, inda Harker yake tsare a gidan Dracula a Transilbaniya, sun hana ni barci. Yana aske gemu a gaban ɗan madubinsa, sai ya ji hannu a kafaɗa, ya duba madubin ya ga kansa da ɗakin duka, babu mai hannun. Daga baya ya leƙa ta taga ya ga mai masaukinsa yana sauka a jikin bango, kai ƙasa, kamar ƙadangare. Sai kuma rajistar jirgin ruwan nan Demeter, mai ɗauke da Dracula a ɓoye da akwatunansa hamsin na ƙasa. Kyaftin yana rubuta yadda ma'aikatansa suke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, cikin gajerun layuka irin na mai cika takardar aiki, har jirgin ya shigo garin Whitby na Ingila da gawarsa ɗaure a jikin sitiyari. Wanda ya taɓa rubuta rahoton aikin dare ya san muryar nan: kana tsoro, amma dole ka rubuta lokaci.

Daga nan littafin ya fara ja da baya. Da Farfesa Van Helsing ya iso daga Amsterdam ya buɗe baki, sai dodon ya zama mai dokoki: ba ya shiga gida sai an gayyace shi, tafarnuwa tana korarsa, da rana ƙarfinsa yana raguwa. Kuma Farfesan akwai surutu, Allah ya sani. Ƙarin jinin da aka yi wa Lucy, budurwar da dodon yake shan jininta, sau huɗu daga maza huɗu ba tare da gwaji ba ya sa na yi salati, amma wannan na yafe, don sai a 1901 Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini. Wanda ban yafe ba shi ne na Mina, matar Harker. Likitoci biyu ne a gidan, sun ga yadda Lucy ta ɗashe har ta mutu, sannan suka bar Mina ita kaɗai da dare suka tafi farautar dodo. Da safe suka gan ta fari fat, tana fama da kasala, suka ce gajiya ce. Ko ɗalibar jinya 'yar shekarar farko da ta ɗaga wuyan rigarta ta duba.

Dickens kuwa tarihi ya tsaya masa, shi ya sa ya saki jiki. An fasa kurkukun Bastille ranar 14 ga Yuli 1789, an sami fursunoni bakwai kacal, kuma ya kawo adadin daidai. To amma duba abin da ya ɗora a kai. Sydney Carton, lauya ɗan Ingila, ya yi kama da Charles Darnay, jinin sarautar Faransa, har kotu ta kasa rarrabe su. Madam Defarge, mai saƙa sunayen waɗanda za a fille wa kai, ashe ƙanwar yarinyar da dangin Darnay suka zalunta ce. Ɗan leƙen asirin da ake buƙata a Faris, ashe ɗan'uwan Miss Pross ne, mai hidimar matar Darnay, da ya ɓace. Katari ɗaya na haɗiye, na biyu da ƙyar, na uku ya tsaya mini a maƙogwaro. Kamar duk Landan da Faris mutum goma ne a cikinsu.

Kuma wanda ya karanta shi don ya san dalilin juyin zai fita da rabi. Zai ga yunwa, zai ga keken dokin mai sarauta ya take yaro ya jefa wa uban tsaba ɗaya. Ba zai ji bashin da ya karya baitulmalin Faransa bayan ta taimaki Amurka a yaƙinta da Ingila ba, ko taron wakilan ƙasa da Sarki Louis na 16 ya kira a Mayun 1789, wanda rabon da a yi irinsa tun 1614. Juyin ƙasa guda ya koma ramuwar gayyar gida biyu. Lucie Manette ma, matar Darnay, ba ta da wani aiki sai kirki da suma.

Duk da haka, a littafin nan na sami abin da ya fi komai gaskiya a cikin biyun. Dakta Manette, mahaifin Lucie, ya yi shekara 18 a Bastille, ya koyi ɗinkin takalmi don kada hankalinsa ya gushe. Ya fito, ya warke, ya koma duba marasa lafiya. Ranar da 'yarsa ta yi aure ta bar gida, sai aka ji ƙarar guduma daga ɗakinsa. Ya koma kan bencinsa, bai gane kowa ba, kwana tara. Da ya farfaɗo, amininsa Mista Lorry bai ce masa ka yi kaza ba. Ya zo masa da maganar kamar ta wani abokinsa ce, yana neman shawarar likita, shi kuma Daktan ya gane, ya amsa a haka, ba wanda ya kunyata wani. Na yi shekaru ina ganin dangin marar lafiya suna neman yadda za su faɗi irin wannan magana suna kasawa. Babin nan na karanta shi sau uku. Mutuwar Carton, wadda kowa yake yabo, sau ɗaya ta ishe ni.

Taku,
Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya