Kira ga Kafintocin Gombe Kan Wasa Kurfi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni kafinta ne a Jekadafari. Na daɗe ina wasa kurfi a dutse da hannu kawai, hannun kuma yana rawa, sai bakin ya dakushe ko ya karkace, katakon madaci ya riƙa tsagewa. Bara ɗana ya kawo mini wani ɗan ƙarfe mai taya: ka ɗaure kurfin ko wuƙar fere katako a ciki, ya tsaya daram a digiri 30, kai dai turawa ce taka. Wallahi da na raina shi. Yanzu yaran shagona ma suna fitar da kaifi mai aske gashin hannu.

Ina roƙon masu sayar da kayan kafinta su kawo mana shi kasuwa, musamman saboda masu koyo.

Wani kafinta, Gombe