Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya sayar mini da farfela mai naɗewa

Samaru, Zariya.

Zuwa ga Manajan Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na fito da wannan ƙorafi bainar jama'a ne domin saƙonnin da na aiko ofishinku a kan farfela mai naɗewa ta jirgin ruwa da kuka sayar mini ba su sami amsa ba har yau.

Ni mazaunin Zariya ne, amma jirgina mai tafiya da iska yana Tafkin Kainji. Amfanin da tallanku ya lissafa gaskiya ne. Idan aka kashe inji aka bar iska tana tura jirgi, kunnuwan farfelar sukan haɗe a bayan sandarta, ruwa ya daina riƙe jirgin kamar yadda yake yi da farfelar da ba ta naɗewa. A lokacin da iska ba ta da ƙarfi akan sami ƙarin gudu na kusan kilomita 1 a awa, kuma kainuwa da ragar masunta ba su cika sarƙewa a jikinta ba.

Abin da kuka ɓoye shi ne halinta a ribas. Ƙarfin juyawar sanda ne ke buɗe kunnuwan. A giyar gaba turin ruwa yana taimaka musu, a ribas kuwa turin yana neman rufe su, don haka sai an ba inji wuta sosai kafin su kama. Ranka ya daɗe, jirgin ruwa ba shi da birki, ribas ne ke tsayar da shi. A bakin gaɓar da kwale-kwalen masunta suke jere, wani lokaci da yara a ciki, wannan jinkiri na 'yan daƙiƙu zai iya jawo asarar rai. Wakilinku ya san inda jirgin yake tsayawa, amma ya tabbatar mini cewa ba ta da bambanci da tsohuwar farfelata, alhali kuɗinta ya ninka na waccan.

Sai kuma ƙarfen kariya da ake ɗaurawa domin tsatsa ta ci shi a maimakon tagullar farfela. Na tutiya kuka haɗo mini, wanda ya dace da ruwan gishiri irin na Legas. Kainji kuwa, da aka kammala madatsarsa a Kogin Neja a 1968, ruwan daɗi ne, inda tutiya kan yi ɓawo ta daina aiki, shi ya sa ake amfani da wani ƙarfe mai suna maganiziyam. Duk mai sayar da kayan jirgi ya kamata ya san wannan. Haka nan ba ku ba ni takardar bayani a kan wanke haƙoran da ke haɗa kunnuwan ba, ga shi laka tana taruwa a cikinsu har kunne ɗaya ya buɗe ɗaya ya cije, jirgi ya kama jijjiga.

Ina buƙatar ku musanya mini da farfelar da kunnuwanta ke juyawa su bi ruwa, wadda ta fi ƙarfi a ribas, ko ku mayar mini da kuɗina, sannan ku gyara tallanku ya ambaci wannan matsala. Rasit da takardar garanti suna hannuna. Idan ban ji daga gare ku ba cikin kwana 14, zan kai ƙara ga hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC.

Naku,
Abokin cinikinku daga Zariya.